Daga Kainji Zuwa Kandaji: Abin da Kogi Ya Biya Kafin Mu Ga Haske

Abin da ke hannunka shi ne jigon bayanin da muka kawo a filinmu na tarihi a kan kogin da ya haɗa ƙasashenmu da wutar lantarkin da ake tatsa daga gare shi. Mun rage maimaici irin na rediyo, mun bar shekaru da alƙaluma yadda suke, don mai son ajiyewa ya ajiye.

Kogin dai ɗaya ne, sunayensa ne da yawa. A takarda Neja ake rubutawa, mutumin Yawuri ya ce Kwara, a Yamai ka ji ana cewa kogin Isa, a Mali kuma Joliba. Wutar ma haka take. A Najeriya har gobe "Nepa" ake cewa, ko da yake an daɗe da rushe hukumar, a Nijar kuwa "kuran". Yanzu duk taron da aka yi kan sauyin yanayi magana ɗaya za ka ji: a rage fetur da dizal da kwal, a koma ga ruwa da rana da iska, makamashin da ke sabunta kansa kuma ba ya hayaƙi. Maganar tana kan hanya. To amma mu mutanen wannan kogi ba yau muka shiga harkar ba. Sama da shekara 50 ke nan muna shan wutar ruwa, kuma akwai waɗanda suka biya kuɗinta da garuruwansu da fadamunsu da kifinsu. Tun da ga wata madatsar nan an ɗauko a Kandaji, ya kamata mu buɗe tsohon lissafi mu duba.

Kogi mai cika sau biyu

Kafin mu je ga siminti da injuna, sai ka fara sanin halin kogin kansa. Tsawonsa ya kusa kilomita 4,200. Yana tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ba nisa sosai da teku, amma maimakon ya gangara can, sai ya juya baya ya nufi bakin Sahara. Ya ratsa Bamako, ya bazu a wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali, ya yi kwana kusa da Tumbuktu, ya bi ta Gao, ya shigo Nijar ta wajen Ayoru, ya wuce Yamai da Gaya, ya faɗa Najeriya ta jihar Kebbi, sannan Yawuri, Jebba, har Lokoja inda ya haɗu da Binuwai.

Wannan doguwar tafiya ita ta sa kogin ke cika sau biyu a shekara a yankinmu. Cikar farko ta daminarmu ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka da gurɓi. A Yamai jan ruwa ake kiranta saboda jar ƙasar da rafukan gefen Burkina Faso ke kwasowa, a wajen Kainji kuma farin ruwa. Cika ta biyu ruwan Gini ne, wanda ya yi watanni yana jan ƙafa a fadamar Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso mana garau a cikin sanyi, daga Disamba zuwa wajen Fabrairu. Shi ake kira baƙin ruwa. Ka ga ikon Allah: sama ba gajimare, ƙasa ta bushe, hunturu na kaɗawa, kogi kuwa yana ƙaruwa.

A kan wannan hawa da sauka duk rayuwar bakin kogi ta ginu. In ruwa ya malala fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yan su girma inda babban kifi ba ya iya kai musu. In ruwa ya janye, ya bar laka mai taki, manomi ya shuka shinkafa ko albasa. Ciyawar nan mai zaƙi da ake kira burgu (ba burgun rami ba, ciyawa ce) ita ke riƙe shanun Fulani har damina ta faɗi. Sarkawa su san watan da za su kafa bukka a wane tsibiri. Shi kuwa injiniyan lantarki abin da yake so daban ne. So yake ruwa ya riƙa zuba wa injinsa daidai wa daida, rani da damina, dare da rana. Fadama na son kogi ya hau ya sauka, inji na son ya tsaya cak. Duk rigimar da za ka ji a gaba daga nan ta samo asali.

Yadda aka datse Kwara

Tun kafin Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960 aka fara auna kogin. Masana daga Holan da Ingila suka yi bincike, suka nuna wani tsibiri a ƙasar Borgu inda kogin ya matse tsakanin duwatsu, wato Kainji. A 1962 aka kafa hukumar madatsun Neja. A 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, wasu ƙasashe suka ƙara nasu, kamfanonin Italiya suka kama aiki. An yi juyin mulki sau biyu a 1966, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aikin bai tsaya ba. A watan Agustan 1968 aka rufe ƙofofi, ruwa ya fara taruwa, a farkon 1969 kuma Yakubu Gowon ya buɗe tashar.

An tsara wurin injuna 12, aka saka 8, masu ƙarfin megawat 760 in duka suna aiki. A lokacin wannan wuta ta fi abin da ƙasar ke sha. Masaƙun Kaduna, masana'antun Kano, Legas da Ibadan, duk sun jingina da ita. Daga baya aka ƙara madatsar Jebba a ƙasa da Kainji a 1985, da Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990. Mai karatu, kada mu yi wa Kainji butulci. Ka ƙiyasta dizal da iskar gas nawa za a ƙona a samu wutar da ta bayar cikin shekara hamsin da ɗoriya, da hayaƙin da zai hau sama. Asibitin da aka yi wa wani naka tiyata da dare, famfon da ya kawo ruwa unguwarku, gidan rediyon nan ma da kake saurare, duk akwai hannun kogi a ciki.

Garuruwan da suka nutse

Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya kai kusan murabba'in kilomita 1,250, tsawonsa sama da kilomita 130, tun daga Kainji har ya wuce Yelwan Yawuri. A ƙarƙashinsa akwai ƙauyuka da unguwanni sama da 200. Kimanin mutum 44,000 aka tayar: Bussawa, Gungawa mazauna tsibirai, Kambari, Lopawa, Shangawa, da Hausawa masunta da 'yan kasuwa. Tsohon garin Bussa, gari mai sarauta da tarihi, ya nutse ɗungurungum, har da gangaren duwatsun da Baturen nan Mungo Park ya halaka a cikinsu a 1806. Babban tsibirin Foge, mai gonaki da makiyaya, shi ma ya tafi. Aka gina Sabuwar Bussa, Sarkin Borgu ya koma can da jama'arsa.

Da farko kuɗi aka ce za a ba kowa ya je ya gina nasa. Abin bai tafi yadda aka so ba, lokaci kuma na ƙurewa, sai hukuma ta koma gina gidajen da kanta, da bulon siminti da rufin asbestos. A idon baƙo gidaje ne na zamani. A idon mai gida kuwa, ɗakin ƙasa da ya saba ya fi sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu, kuma in ɗa ya isa aure sai a kwaɓa ƙasa a ƙara masa ɗaki. Siminti ba ya karɓar wannan. Wasu suka zauna, wasu suka bar gidajen suka gina na ƙasa a gefe.

Abin da ya fi gida zafi shi ne sana'a. Gungawa sun shahara da noman albasa na rani a bakin ruwa, a kan ƙasar da kogi ke sabunta wa taki kowace shekara. An mayar da da yawansu tudu, inda noma sai da ruwan sama. Ana iya auna ɗaki a biya, ana iya ƙirga bishiyar mangwaro a biya. Amma sanin da mutum ya gada na wane lungu kifi ke kwana, wace fadama ke fara bushewa, ina kabarin kakansa yake, wannan ba ya shiga takardar diyya. Wani abin takaicin kuma, ƙauyuka da dama na waɗanda aka tayar sun yi shekaru aru-aru suna kallon manyan wayoyi na wucewa ta kansu zuwa birane, su kuwa da fitilar ƙwai suke kwana. Sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar kula da yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, kuma sai da aka ƙara kusan shekara goma kafin ta fara aiki. Lissafa da kanka daga 1968.

Kifi da ciyawa da namun daji

Shekarun farko masunta sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Ruwa ya haɗiye daji da gonaki, ganye da ciyawa suka ruɓe suka zama abincin kifi, faliya da karfasa suka yi ta hayayyafa. Masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina, har daga Nijar da Mali. Wajen 1971 kamun shekara ya haura tan 28,000. Kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Abincin da daji ya bari ya ƙare, masu kamu sun yi yawa, kuma raga mai ƙananan idanu irin dala tana kwashe har 'ya'yan da ba su isa ci ba. Daga baya kamun ya ɗan farfaɗo, aka hana dala, aka shigo da lasisi, kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Bussa, wadda ta samo asali daga binciken wannan tafki, tana nan tana aiki. Darasin dai shi ne, garaɓasar sabon tafki ta 'yan shekaru ce, kada wanda ya gina rayuwarsa a kanta.

Mutanen ƙasa da madatsa kuwa ko garaɓasar ba su gani ba. Daga Jebba zuwa Lokoja, a ƙasar Nufawa, ambaliyar da ke shayar da fadamun shinkafa ta ragu, lakar da ke zuwa da ita ta kwanta a gindin tafki. Masu bincike sun rubuta cewa a wasu garuruwan kamun kifi ya ragu da kusan rabi cikin shekaru biyu zuwa uku. Waɗannan mutane ba a tashe su ba, don haka ba su shiga jerin masu diyya ba. Ga kuma ɗaya gefen: shekarar da ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofi, su ne farkon wanda zai kwana a kan rufi. Mutanen Adamawa da Binuwai da Kogi sun san irin wannan labari daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982, musamman a 2012 da 2022.

A fannin lafiya abin ya zo da fuska biyu. Ƙudan nan da ke sa makanta a bakin kogi a ruwa mai gudu kan duwatsu yake hayayyafa. Da tafki ya rufe gangaren Bussa sai ya rasa wurin zama a wannan yanki, mutane suka samu sauƙi. Amma ruwa mai kwanciya shi dodon koɗi ke so, wanda ke ɗauke da tsutsar tsargiya, sai fitsarin jini ya zama ruwan dare ga yaran bakin tafki. Mutanen Gana sun ga irin wannan, har ma fiye, bayan an datse kogin Volta a Akosombo a 1965, inda aka tayar da mutum kusan 80,000.

Namun daji fa? A 1979 aka haɗa dajin Borgu da na Zugurma aka kafa Gandun Dajin Tafkin Kainji, murabba'in kilomita sama da 5,300, na farko irinsa a Najeriya. Dorina da kada da gwanki da ɓauna suka samu mafaka a hukumance. Abu ne mai kyau, sai dai an yi shi shekara 11 bayan ruwa ya riga ya hau. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya sa masu gadin dajin ba sa iya shiga wurare da yawa. Dajin da ba mai iya taka shi, sunansa kawai ke cikin doka.

Ka tuna fa, lokacin da aka gina Kainji babu dokar da ta tilasta a auna illar aiki ga muhalli kafin a fara. Najeriya sai a 1992 ta yi irin wannan doka, Nijar ta yi babbar dokarta ta muhalli a 1998. Mutanen 1964 suna iya cewa ba su sani ba. Mu ba mu da wannan hanzari.

Wayar da ta tsallaka iyaka

Yanzu mu hau sama da kogi. Tun 1964 ƙasashen da ke shan ruwansa suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, wadda aka sabunta a 1980 ta zama Hukumar Raya Kogin Neja, mai ƙasashe tara. Dalili a fili yake: wanda ke sama in ya tare, na ƙasa ya ji a jikinsa. Injunan Kainji da rani baƙin ruwan nan na Gini suke sha, kuma sai ya ratsa Mali da Nijar kafin ya iso.

A 1976 aka ja babbar waya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya wata ta tashi daga Katsina ta shiga Gazawa, ta ciyar da Maraɗi da Damagaram. Jami'an Najeriya sun sha faɗa a bainar jama'a cewa hikimar sayar wa Nijar wuta ita ce kada ta ga buƙatar datse kogin daga sama. Shekara da shekaru kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya ta riƙa zuwa.

Abu biyu suka girgiza wannan tsari. Na farko fari. A watan Yunin 1985, bayan shekarun ƙarancin ruwan sama, kogin Isa ya daina gudu a Yamai, mutane suka taka ƙasan kogi da ƙafa. Babban birni guda ya ga ƙishirwa ido da ido. Na biyu siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta cikin takunkumin ECOWAS, wato CEDEAO, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Wanda ya yi waɗannan watanni a Yamai ko Dosso ko Maraɗi ba sai an ba shi labari ba: mai sayar da ƙanƙara, mai walda, mai injin niƙa, da majinyacin da ke kwance. Bayan wannan, duk wanda zai ce wa mutumin Nijar kada ya nemi wutar kansa, sai ya shirya amsa mai ƙarfi. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki, rashin wuta ma yana cin daji, don kowace safiya motoci da amalanken itace ne ke shiga Yamai, daga dazukan da raƙuman dawan Kure, na ƙarshe irinsu a Afirka ta Yamma, ke kiwo a kusa da su.

Kandaji da dorinar Ayoru

Maganar madatsar Kandaji tun shekarun 1970 ake yin ta. Wurin yana jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 sama da Yamai, kilomita 60 daga iyakar Mali. Shugaba Tandja Mamadou ya aza tubali a 2008. Kamfanin Rasha da aka fara bai wa aikin ya gaza, aka soke kwangilar a 2013. Shugaba Mahamadou Issoufou ya sake ƙaddamar da aikin a 2019 da kamfanin Gezhouba na Sin, sai kuma aka dakatar a watan Agustan 2023 da kuɗin waje suka tsaya.

Alƙawarin da ke cikin aikin uku ne: wuta megawat 130, noman rani hekta 45,000, da kuma sakin ruwa aƙalla kubik mita 120 a kowace daƙiƙa da rani, don kada abin da ya faru a 1985 ya maimaitu. Wannan na ukun ka riƙe shi da kyau, don shi ne bambancin farko da Kainji. Tun a takarda an yarda cewa kogin kansa yana da rabo a cikin ruwan. An kuma tsara a fara cika tafkin zuwa wani mataki na ƙasa, don kada ruwan ya haura cikin Mali kafin a daidaita.

Amma nauyin da za a ɗauka sananne ne. Dubun dubatar mutane za su tashi, har da wani ɓangare na garin Ayoru mai tsohuwar kasuwar Lahadi, da mazauna tsibirai. Fadamun burgu za su nutse. Kuma wannan yanki shi ne babbar matattarar dorina a Nijar, ga ayu, dabbar nan mai kunya da masunta ke ba da labarinta fiye da yadda suke ganin ta.

Zaman dorina da mutum dama ba na lafiya ba ne. Dabba ce mai fita kiwo da dare, in ba ta samu burgu ba sai ta faɗa gonar shinkafa. A watan Nuwamban 2014 dorina ta kifar da kwalekwale a Libore kusa da Yamai, yara 'yan makaranta 12 suka rasu. A 2017 kuma hukumomi suka sanar da cewa an kashe dorina aƙalla 27 a yankin Ayoru cikin 'yan watanni, har aka kama mutane, gari ya ɗauki zafi. A shekarar ce gwamnati ta kafa gandun dajin Kandaji da keɓaɓɓen wurin zaman dorina. Ka ga a nan an riga ruwa, ba kamar Kainji ba. To amma ka tambayi kanka: in tafki ya cinye ciyawar da dorina ke ci, shanu ma ita suke ci, manomin da aka tayar kuma an ba shi sabuwar gona a bakin sabon ruwa, su uku ina za su haɗu? A gona ɗaya za su haɗu. In ba a shuka burgu a sabon bakin tafki ba, ba a shata wa kowa iyakarsa ba, ba a tanadi diyya ga wanda dorina ta yi wa ɓarna ba, to manomi zai ɗauki doka a hannunsa, kuma ba wanda zai ce bai san dalili ba.

Mutumin Yawuri da na Gaya su ma suna da ta cewa. In Kandaji ta riƙe baƙin ruwa ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan, watannin Afrilu da Mayu za su fi samun ruwa, wannan riba ce. Amma tsayin cikar sanyi zai ragu, kuma ita ce ke shiga fadamun Dendi da Kebbi. Can sama kuma Mali na da Selinge tun farkon shekarun 1980, Gini na da shirin Fomi. Kowace ƙasa in ta duba tata madatsar ita kaɗai sai ta ga illar kaɗan ce. Kifi kuwa duka yake ji a haɗe. Don haka ne ƙasashen tara suka sa hannu kan yarjejeniyar ruwa a Yamai a 2008, wadda ta ce a sanar da maƙwabci kafin a taɓa kogi.

To rana fa?

Wani zai ce, ina ruwanmu da duk wannan wahala, ga rana Allah Ya ba mu kyauta? Wannan tunani ma yana da tarihi a nan gida. Tun 1965 Nijar ta kafa ofishin binciken makamashin rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya shugabanta shekaru da dama, shi ne wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. A lokacin kayan na da tsada. Yanzu farashin faranti ya faɗi warwas. Malbaza ta samu tashar megawat 7 a 2018, Goru Banda kusa da Yamai ta samu ta megawat 30 a 2023, Kano ma ta samu ta megawat 10 a shekarar.

Ga wani lissafi mai sauƙi. Tashar Goru Banda faranti sama da 55,000 ne a kan hekta 27, wato kowane megawat bai ci hekta ɗaya ba. Tafkin Kainji hekta 125,000 ne, in ka raba da 760, kowane megawat ya ci sama da hekta 160, kuma mafi kyawun ƙasa, ta bakin kogi. Sai dai rana tana faɗuwa da magariba, daidai lokacin da kowa ke kunna fitila, madatsa kuwa rumbu ce, tana ajiye ruwa har lokacin da aka buƙata. Dabarar da Gana ta fara a madatsar Bui ita ce haɗa biyun: da rana faranti su yi aiki, wasu ma a kan ruwan tafkin suke shawagi, a rage zubar ruwa, da dare a buɗe wa injuna. Inda aka yi haka, ana iya samun wuta mai yawa ba tare da an nutsar da sabuwar fadama ba.

Ita ma ranar ba ta rasa nata. Filin da za a shimfiɗa faranti gonar wani ce ko burtalin wani, in an zagaye da waya ba shawara an sayi rigima. Ƙurar hunturu na rufe faranti, wankewa na son ruwa a inda ruwa ke da wuya. Babbar damuwa kuma batir. Batiran da ke gidajenmu da shagunanmu yawancinsu na dalma ne, shekara biyu zuwa uku sun mutu, sai ka ga ana fasa su a bayan kasuwa, ruwan ya tsiyaye a ƙasa, yara na wasa a wurin. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga haƙar zinariya ta fito, amma dalma dalma ce ko daga ina ta zo.

Abin da maƙwabta suka gwada

Akwai misalai biyu kusa da mu da ke nuna cewa ana iya gyara, ana kuma iya haƙura. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta hana ambaliyar kogin Logon shiga fadamar Waza. Ciyawa ta mutu, kifi ya ɓace, makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wata mashiga da gangan aka bar ruwa ya koma wani sashe, sai ga ciyawa da kifi da tsuntsaye sun fara dawowa. Ba madatsar lantarki ba ce, amma ta nuna cewa sakin ambaliya da niyya, a kan lokacinta, yana rayar da fadama. Na biyu, shirin madatsar lantarki ta Jojonga a kan kogin Mekru tsakanin Nijar da Benin, wadda za ta nutsar da wani sashe na Gandun Dajin W. Hukumar UNESCO, wadda ta sa gandun cikin kayan tarihin duniya a 1996, ta nuna damuwa, kuma ba a gina ta ba. Wani wurin amsar ita ce a gina da sharaɗi, wani wurin kuma a nemi wutar a wani waje.

Saboda haka, mai karatu, ranar da aka zo garinku da taswira da alƙawarin wuta, ko ta ruwa ce ko ta rana ko ta iska irin ta Lambar Rimi a Katsina, kada ka tsaya a tambayar megawat nawa. Tambayi wa zai tashi, kuma gonar da za a ba shi tana kama da wadda ya bari? Tambayi ko an ƙirga mutanen ƙasa da madatsa, waɗanda ruwa ba zai ci gidansu ba amma zai ci sana'arsu. Tambayi wata nawa za a saki ruwa don kifi ya yi ƙwai, kuma wa ke riƙe da makullin ƙofar. Tambayi ko ƙauyen da ya ba da ƙasarsa zai samu wuta rana ɗaya da birni. Dokokin ƙasashen biyu sun ba ka damar ganin rahoton binciken muhalli da faɗin ra'ayinka kafin a fara aiki, kuma a nemi a karanta shi da harshen da mutanen gari ke ji. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Bussa da Foge sun riga sun biya kuɗin wannan karatu, bai kamata mutanen Ayoru su sake biya daga farko ba.

Muna son jin ta bakinku, musamman dattawan Yawuri da Ngaski da Borgu da suka ga tashin 1968 da idonsu, da masunta da makiyayan Tilaberi da Gaya. Ku aiko da saƙo ta hanyoyin da kuka saba, za mu karanta a fili. A fitowa ta gaba za mu leƙa kogin Binuwai, mu ji yadda aka yi Lagdo ta tsaya a Kamaru, ita kuwa Dasin Hausa da aka ce za ta tare ruwanta a Adamawa har yau tana kan takarda. Kafin nan, a huta lafiya.